Maganin Kashe Ƙwayoyin Cuta Ba Tare da Takardar Likita Ba: Abin da Aka Tattauna a Maraɗi

A wata fada a Maraɗi an jima ana muhawara kan farmasin unguwa da ke miƙa amoksisilin, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, ga duk wanda ya zo da kuɗinsa. Wani malamin asibiti da ke wurin ya ce mura da yawancin tari ba sa jin wannan magani ko kaɗan, domin bairos ke kawo su, irin ƙwayar cutar da maganin ba ya kashewa. Zazzaɓi kuwa, a fara zuwa CSI, wato ƙaramin asibitin gwamnati, a yi gwajin zazzaɓin cizon sauro.

Abin da ya fi damuna shi ne sayen ƙwaya huɗu a ƙullin leda, a sha kwana biyu, jiki ya yi sauƙi a ajiye sauran. Haka ƙwayoyin cuta ke gagarar magani. A shekarar 2019 kaɗai wannan gagara ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 1.27 a duniya.

Shawarar da aka tsaya a kai: a sha magani yadda likita ya rubuta, kada a ba yaro ragowar na wansa, a guji na masu talla da ke yini a rana. Wani dattijo ya ce rashin kuɗin ganin likita ke kai talaka kanti, kuma ba wanda ya musa masa. Aka roƙi masu farmasi su riƙa tambayar ordonansi, wato takardar likita, kafin su buɗe kwali.