Ƙuri'ata ta farko, kuma gida da abokai sun rabu biyu

Ɗalibi18:
Assalamu alaikum. A zaɓen shugaban ƙasa mai zuwa ne zan jefa ƙuri'a karo na farko. Mahaifina ya daɗe yana goyon bayan jam'iyyar da ke mulki, kuma yana ganin duk wanda ya tashi a gidansa bai kamata ya kauce mata ba, su kuwa abokaina na makaranta sun karkata ga ɗan takarar adawa, har suna kiran masu ra'ayin mahaifina maƙiya ci gaba. Musun ya kai ga wasu sun daina gaisawa. Ina neman shawarar manya: shin jam'iyya ya kamata sabon mai zaɓe ya duba, ko kuwa ɗan takara, kuma ta yaya mutum zai tsaya a kan ra'ayinsa ba tare da ya ɓata da iyayensa ba?

Malamin Tarihi:
Wa alaikumus salam, ɗana. Kafin kowa ya yanke zumunci saboda jam'iyya, yana da kyau ya duba yadda su kansu 'yan takarar suke ɗaukar jam'iyyunsu. A Najeriya, Muhammadu Buhari ya tsaya takara a ANPP a 2003 da 2007, ya koma CPC a 2011, sannan ya ci zaɓe a APC a 2015. Peter Obi shi ne ya tsaya wa Atiku Abubakar mataimaki a PDP a 2019, amma a 2023 sai ga su suna hamayya da juna, Obi yana Labour, Atiku yana PDP, shi kuma Atikun ya taɓa zama ɗan AC da ɗan APC a baya. Rabi'u Musa Kwankwaso ya bi ta PDP da APC kafin ya yi takara a NNPP. Waɗanda suka yi gaba da 'yan'uwansu saboda ɗaya daga cikin waɗannan jam'iyyu sun wayi gari jagoransu ya sauya sheƙa, ya rungumi wanda suka zaga dominsa. Don haka ni dai mutumin nake dubawa, da abin da ya aikata a kujerar da ya taɓa riƙewa. Game da mahaifinka kuwa, ƙuri'a sirri ce, kuma ba dole ne ka bayyana wanda ka zaɓa ba. Ka saurare shi da ladabi, ka tambaye shi dalilinsa, domin mai yiwuwa ya ga abin da ya faru kafin a haife ka.

Uwar Biyu:
Malam, na yarda da maganarka ta sirrin ƙuri'a, amma ban yarda a ce jam'iyya ba ta da muhimmanci ba. Shugaban ƙasa ba shi kaɗai yake mulki ba. Daga cikin mutanen jam'iyyarsa yake ɗauko mafi yawan ministocinsa, kuma sai majalisa ta amince da kasafin kuɗinsa kafin ya kashe shi. Wanda ya zaɓi mutumin kirki a tsakiyar jam'iyyar da ba ta da alƙibla, ya zaɓi tawagar ne gaba ɗaya ko ya sani ko bai sani ba. A Amurka ma, inda jam'iyyu biyu suka mamaye siyasa tun tsakiyar ƙarni na 19, mai zaɓe ya san cewa zaɓar shugaba yana nufin zaɓar irin alƙalan da za a naɗa Kotun Ƙoli, waɗanda suke zama a kujera har su mutu ko su yi murabus. Ƙanena, ka karanta manufofin jam'iyyun a rubuce, sannan ka duba su waye ke kewaye da ɗan takarar.

Ɗan Adawa:
Abin da ya fi damuna shi ne yadda masu zafin musu a intanet ba su cika zuwa rumfar zaɓe ba. A zaɓen Najeriya na 2023 mutum fiye da miliyan 93 ne suka yi rajista, kusan kashi 40 cikin ɗari daga cikinsu 'yan shekara 18 zuwa 34 ne, amma waɗanda suka fita jefa ƙuri'a ba su kai kashi 30 cikin ɗari ba, kuma Bola Tinubu ya ci da ƙuri'a ƙasa da miliyan 9. A Senegal kuwa, Bassirou Diomaye Faye ya fito daga kurkuku kwana goma kafin zaɓen Maris na 2024, ya kuma lashe shi a zagayen farko da kimanin kashi 54 cikin ɗari, bisa goyon bayan matasa da suka yi layi da kansu. Ɗan'uwa, ka tambayi abokan nan naka ko kowannensu ya karɓi katin zaɓensa, kuma ya san rumfar da sunansa yake.