Amfani da shirin talabijin a cikin aji

Tambaya daga wata malamar firamare, Unguwar Rogo, Jos:
Malamai, ta yaya zan amfana da shirye-shiryen ilimi na NTA ko PRTV, alhali lokacin nuna su bai dace da jadawalinmu ba?

Wani malami, Bukuru:
Malama, ki naɗi shirin, ki fara kallonsa ke kaɗai, sannan ki zaɓi abin da bai wuce minti 10 ba. Ki riƙa tsayar da shi kina jefa tambaya, domin yaro yakan ƙura wa talabijin ido har baki buɗe, amma bai fahimci komai ba.

Wata shugabar makaranta:
Turancin yakan yi wa 'yan aji ɗaya sauri, saboda haka ki maimaita musu da Hausa. A tanadi sola kuma, tunda wuta ba ta da tabbas.