Fili mai baƙar ƙasa: gini, sokawe da lambu

Malam Habu: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Fili ne a bayan garin Gombe, baƙar ƙasa mai tsagewa da rani, da damina kuma ta riƙe takalmi. Ana son ɗaki huɗu, da sokawe, da ɗan lambu a baya. Ta ina za a fara?

Injiniya Sabo: Wa alaikumus salam, Malam. Irinta ce firkin Borno, ta wajen Dikwa da Marte, inda ake dashen masakwa, dawar rani. In ta sha ruwa sai ta kumbura, in ta bushe ta motse, haka take ɗaga fandisho tana sauke shi duk shekara. Alamarta a gini ita ce tsaga mai karkata daga kusurwar taga, da ƙofar da ke ƙin rufuwa da damina. Kafin a sayi bulo ko ɗaya, a haƙa ramin gwaji uku a filin, zurfin mita 2. Idan an tarar da burji ko marmara kafin mita ɗaya da rabi, a kai fandisho har kanta. Idan baƙar ƙasar ta zarce, sai a zuba kankare shimfiɗa ɗaya a ƙarƙashin gidan duka, da rodi sama da ƙasa. Kaurin rodin kuwa gwajin ƙasa ne zai nuna shi, kada a bar wa kintace.

Ɗanladi Magini: Gaskiya ne, Injiniya. Ƙari ɗaya: ƙasar da aka haƙo kada ta koma ciki. A yi ciko da burji, inci 6 inci 6, a yayyafa ruwa a daɓe kowane hawa kafin a ƙara wani. Wanda ya juye tifa guda ya daɓe samanta kawai, daɓensa zai lotsa cikin damina biyu. Sai leda mai kauri, sai kankare: suminti 1, yashi 2, tsakuwa 4. A kewaye gidan da dandamali mai faɗin mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, mai gangara waje, ruwan indararo ya bi lambatu ya fita.

Injiniya Sabo: Kuma darbejiya da turare su yi nesa da bango, aƙalla gwargwadon tsayin da za su kai. Saiwarsu na zuƙe danshin gefe ɗaya, wannan gefen ya sauka.

Malam Habu: To sokawe fa? Wani ya ce a zurfafa ramin sosai.

Hajiya Rabi: Ina, Malam, zurfi ba ya magani a laka, rijiyar ƙazanta kawai za a gina. A gwada tukuna: rami mai faɗin santimita 30 a zurfin da ake son ruwan ya tsane, a cika shi ya kwana, da safe a sake cikawa a duba agogo. In awa guda ta wuce bai sauka inci ɗaya ba, ƙasar ba ta sha. Sai a gina tanki mai ɗaki biyu, na farko ya ci kashi biyu cikin uku, a shafe shi da suminti ciki da waje. Bututun fita ya yi ƙasa da na shiga da inci 2 zuwa 3, kowanne da mahaɗi mai siffar T don kada kitsen da ke yawo a sama ya bi ya toshe. Daga nan ruwan ya shiga dogon rami mara zurfi, bututu mai inci 4 da aka huhhuda, kwance cikin tsakuwa. In ko wannan ƙasar ta ƙi, tanki rufaffe ne da motar kwasa. Ruwan wanki da na saman kwano kada su shiga tankin.

Ɗanladi Magini: Masu fili a jigawa su kuma su lura, nasu akasin haka ne. Rairayi na shan ruwa nan take, amma rami na ruftawa, dole a ɗaure shi da bulo mai tazara. Rijiya ta yi nesa da shi mita 30, kuma ta kasance ta saman gangare.

Hajiya Rabi: A kuma bar mita ɗaya da rabi zuwa 2 tsakanin gindin ramin da inda ruwan ƙasa ke kaiwa. A watan Agusta ake auna wannan, rijiyar maƙwabta za ta nuna.

Baba Manomi: Lambu kuwa, ɗana, ka yi sa'a, ƙasar nan tana da ƙarfi. Abin da ke kashe tumatir da tattasai a cikinta kwanciyar ruwa ne, saiwa ta ruɓe. Ka ɗaga kunya taƙi guda, ka cuɗa ruɓaɓɓen takin shanu da buntun shinkafa. Kada ka ce za ka sassauta ta da baro biyu na yashi, ƙara tauri za ta yi. Kada kuma a taɓa ta da fartanya tana jiƙe sharkaf, sai ta sha iska har dunƙule ya marmashe a hannu. Kuɓewa da yakuwa sun fi jure mata. Fangalin kuma ya yi nesa da bangon gida mita 3 ko fiye, don ban ruwa kullum a gindin gini shi ne zai kumbura gefe ɗaya ya fasa aikin su Injiniya.