Maimaita kalma a shafin intanet: tana kai mutum saman Google ko tana kayar da shi?

Hajiya Mai Turare: Salamu alaikum jama'a. Yaron da ya haɗa mini shafin shagona ya ce sirrin fitowa a saman Google shi ne a yi ta maimaita kalmar da mutane ke nema. Ga yadda ya mayar da shafin farko: "Turaren wuta mai ƙamshi, sayi turaren wuta a Kano, turaren wuta mai sauƙi, turaren wutan amare." Na ce masa wannan ai ba zancen mutane ba ne, ya ce don injin binciken Google aka rubuta. Haka ne?

Alhaji Mai Kilishi: Wa alaikumus salam Hajiya. Yaron ya yi gaskiya. Na'ura ce fa, ƙirge kawai ta sani, wanda ya fi yawan ambato shi ne a gaba. Wasu ma farin rubutu suke yi a kan farin shafi, ido ba ya gani amma injin yana karantawa.

Injiniya: Haba Alhaji, wannan ai tsohon yayi ne. Dabarar ta ci a da, shi ya sa aka toshe ta. Tun 2009 Google ya fito fili ya ce ba ya duba akwatin nan na bayan shafi da ake jera kalmomi a ciki. A 2011 suka kawo gyaran da ake kira Panda, ya sauko da shafukan da babu komai cikinsu sai holoƙo. A 2012 Penguin ya biyo baya don maganin masu maguɗi. Cusa kalmomi da ɓoye rubutu duk suna cikin laifukan da suka rubuta a ƙa'idojinsu, kuma hukuncin shi ne a tura shafi can ƙasa ko a cire shi baki ɗaya.

Alhaji Mai Kilishi: To in haka ne, me ya sa har gobe kamfanoni ke biyan kuɗi a nemo musu kalmomi?

Malama Mai Lalle: Alhaji, nemowa daban, cusawa daban. Ana biya ne a gano abin da mai saye yake rubutawa da yatsansa. Amarya ba za ta rubuta "kayan ƙamshi na gargajiya" ba. Cewa za ta yi "yadda ake haɗa humra" ko "farashin turaren wuta". Wannan jimlar ake ɗauka a sa a taken shafi, a kanun rubutu, a sakin layi na farko, sai bayanin da ake maƙala wa hoto. Daga nan sai ki ba ta amsa ta haƙiƙa, Hajiya: sandal ne ko hawi, kwalba nawa, kina aikawa Kaduna ko a'a.

Alhaji Mai Kilishi: Duk wayon nan na Turanci ne. Hausa fa? Ban yarda injin yana gane Hausa har ya san an yi masa maguɗi ba.

Injiniya: Nan kam ka taɓo wani abu. Fahimtarsa ga Hausa ba ta kai ta Turanci ba, ko da yake tun ƙarshen 2019 suka faɗaɗa tsarin BERT, mai duba ma'anar jimla gaba ɗaya, zuwa harsuna sama da 70. Shi ya sa a wurinmu dole ainihin kalmar ta fito ƙarara a take, kada a dogara da cewa zai gane da kansa. Amma gane an maimaita abu sau ashirin a layi biyar ba ya buƙatar jin yare. Kuma ko an hau saman, wa zai karanta wancan rubutun ya tura kuɗinsa?

Alhaji Mai Kilishi: Ni dai na san mai shafi irin wannan, kuma yana fitowa a farko.

Malama Mai Lalle: Don babu abokin gasa ne, rubutun Hausa kan harkar bai da yawa. Ranar da wani ya rubuta mai kyau zai ture shi.

Hajiya Mai Turare: To Injiniya, me zan ce wa yaron?

Injiniya: Ya haɗa shafin da Google Search Console, kyauta ne. Zai nuna miki kalmomin da mutane suka rubuta har shafinki ya bayyana, da matsayin da kike a kan kowace. Ya gyara rubutun, ki ba shi 'yan makonni, sai ki turo mana hoton sakamakon.

Alhaji Mai Kilishi: Ki ɗauki hoton na yanzu ma kafin ya taɓa komai, Hajiya. Ina so in ga duka biyun.