Neman shawara: masu karɓar bashin waya sun kai ga kiran surukina

Mai neman shawara: Assalamu alaikum, 'yan uwa. Bara, gab da Babbar Sallah, na karɓi waya a wani shago a Kano bisa tsarin biya kaɗan-kaɗan. Tsohuwar wayata ta faɗa ruwa, ni kuma atamfa da shadda nake sayarwa ta WhatsApp, kuma ba mai sayen yadin da bai ga launinsa da kyau a hoto ba, shi ya sa na zaɓi mai tsada duk da ƙanena ya ce in nemi ta hannu. Na ba da naira 60,000 na kafin alƙalami, na ci gaba da biya har ciniki ya tsaya. Da na yi jinkiri sai suka kulle wayar. Yanzu wasu da suka ce kamfanin da ya ba da bashin wayar ya ɗora musu karɓar kuɗin suna kirana dare da rana, sun kira surukina, sun kuma ce za su zo da 'yan sanda. Ina mafita?

Tsohon ma'aikacin banki: Wa alaikumus salam. Malam, kwantar da hankalinka. Sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniya, saboda haka kotu ce hanyarsu, ba ofishin 'yan sanda ba. Ka nemi su rubuto maka jimillar abin da ya rage, kada kuma ka tura ko kwabo zuwa asusun wani mutum, sai na kamfanin. Ka adana duk saƙonnin barazana, domin hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, wato FCCPC, tana karɓar ƙorafi a kan irin wannan cin mutunci, akwai kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023. Sai dai bashin yana nan a wuyanka, kuma idan suka miƙa sunanka ga masu ajiye tarihin bashi irin su CRC, samun rance a banki zai yi maka wuya.

Hajiya daga Kaduna: Ni tausayin surukin nake ji. Maƙwabciyata ta ba da lambata ba da sanina ba, aka wayi gari ana kirana uwar ɓarauniya, har yau ba ma gaisawa. Ɗana, a ina suka samu lambarsa?

Ɗan uwa daga Zariya: Ka sauya layi kawai, da kansu za su gaji.

Tsohon ma'aikacin banki: Wannan shawara ba ta da amfani. Suna da lambarsa ta BVN da adireshinsa, kuma idan ya ɓace surukin ne zai sha kiran.

Malamin Islamiyya: Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma wajibi ne a biya. Ka mayar musu da wayar a yi lissafi, ka nemi dattijo ko Hisba su shiga tsakani, ka kuma bincika ko tarar jinkirin da suke ƙarawa ba riba (kuɗin ruwa) ba ce.

Mai neman shawara: Na gode. Hajiya, ni na rubuta lambarsa, domin takardar ta buƙaci mutum biyu, kuma ban zaci za a kira shi ba. Malam, ba zan mayar da waya ba bayan na biya fiye da rabi. Su ne suka kulle abin da nake neman kuɗin da shi, to da me zan biya?

Tsohon ma'aikacin banki: Kullewar tana cikin sharuɗɗan da aka saba sanyawa a irin wannan yarjejeniya. Har yanzu ba ka gaya mana nawa ya rage ba, kuma shin takardar da ka sa wa hannu tana wurinka?

Mai neman shawara: Takardar tana shagon, ban karɓi kwafi ba saboda akwai sanayya tsakanina da yaron shagon. Ni dai sai sun buɗe wayar za mu yi maganar kuɗi.

Hajiya daga Kaduna: Shi surukin naka, ka je ka ba shi haƙuri kuwa?