Wa ke sa ido kan kuɗin ƙaramar hukuma?

Mai Ƙorafi: Jama'a, abin ya ishe ni. Tun Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, to wa zai sa ido? Wanda ke karɓar harajin kasuwa shi ke riƙe da littafin rasit, shi kuma ke kai kuɗin banki. Oditan cikin gida kuwa ɗan amshin shata ne kawai.

Tsohon Akawu: Malam, janye wannan kalmar. Kafin a biya ko sisi sai an rubuta bauca, wato takardar biyan kuɗi, an liƙa mata amincewar ciyaman da shaidar kammala aiki, odita ya duba ya buga hatimi, sannan ma'aji ya saki kuɗi. Mai ikon hana hatimi ba ɗan amshi ba ne.

Hajiya Mai Lissafi: Alhaji, a takarda kenan. Sau da yawa kuɗi ke fara fita, bauca ta biyo baya, a yi hatimin ƙarshen wata. Ofishin odita kuma a ƙarƙashin wanda yake bincika yake. In ba amshi ba, me za a kira wannan?

Tsohon Akawu: Tsoro ne, Hajiya. Amshi da son rai ake yi.

Ɗan Ƙungiya: Kun bar jaki kuna dukan taiki. Asusun haɗin gwiwar jiha da ƙananan hukumomi da sashe na 162 na kundin tsarin mulki ya tanada shi ne masifar. Me odita zai bincika bayan gwamna ya yanke rabonsa?

Na Gwamna: Da babu asusun nan da malaman firamare sun sha wahalar albashi, ka tambayi manya. NFIU ma, hukumar da ke bin diddigin hada-hadar kuɗi, da ta ƙayyade cirar tsabar kuɗi daga asusun ƙaramar hukuma naira 500,000 a rana a 2019, ai hannun ciyamomi ta ɗaure.

Ɗan Ƙungiya: Kai dama an san inda kake cin tuwo.

Na Gwamna: Ka iya bakinka, yaro.

Mai Ƙorafi: Ni fa maganar rasit na kawo. A raba mai karɓa da mai ajiye littafi, a riƙa gwada takardar banki da littafin kuɗi duk wata.

Tsohon Akawu: A taƙaice dai an yarda odita na aikinsa, 'yan siyasa ne ke ɓata lamari.

Hajiya Mai Lissafi: Wa ya yarda, Alhaji?