C70 ɗin Baba yana mayar da kiki, kuma alamar F tana kan daidai

Baban Walida, Zariya: Assalamu alaikum. Honda C70 na gada wajen mahaifinmu, tsohon yayi mai kwantak (ƙarafa biyun da ke buɗewa su ba fulogi wuta), ba mai CDI (akwatin wuta na lantarki) ba. Shekara shida yana jingine a zaure. Na sa an wanke kafireta, an sa sabon fulogi, wani yaro ya cire maganeto ya goge kwantak ya mayar. Ya tashi lafiya, na hau shi kwana uku. Ran na huɗu na buga kiki ya mayar mini, har yau ɗingishi nake. In ya tashi kuma ba ƙarfi, sai tari. Na duba ta tagar maganeto, kwantak yana buɗewa daidai kan F, alamar jikin maganeto da ke nuna lokacin ba da wuta. Wanda ya taɓa shiga irin wannan ya taimaka.

Oga Sule mai gareji: Wa alaikumus salam. Da me ka gane yana buɗewa kan F? In da ido ne, ba ka auna komai ba. Mu takardar sigari muke saƙalawa tsakanin bakin kwantak, mu riƙe ta da yatsa biyu, mu juya maganeto a hankali ta hannun hagu, yadda injin ke juyawa. Inda takarda ta fara zamewa, nan ya buɗe, nan kuma F za ta haɗu da tsagar da ke jikin injin. A wannan babur ba farantin da za ka karkata, gibin kwantak shi ne tayimin, wato saitin lokacin wuta. Ka buɗa shi wuta ta zo da wuri, ka matse ta makara. Ya tsaya tsakanin 0.3 da 0.4 na milimita. In ka kama F amma gibin ya fita daga nan, dugadugin kwantak ya cinye, sayi sabo.

Malam Habu, Maraɗi: Ni nawa ba haka ya yi ba, amma bari in faɗa ko wani ya amfana. Da sanyin safiya bugu ɗaya yake tashi. In na yi tafiyar kwata, sai ya fara fashe-fashe ya mutu, in zauna a inuwa ya huce, ya tashi kamar ba shi ba. Wata biyu ina taɓa tayimin a banza. Kwandansa ce. Alamarta bakin kwantak ya ƙone ya yi rami, kuma in injin na aiki za ka ga tartsatsi mai yawa a wurin.

Ɗan Bakin Kasuwa: Ku cire kwantak ɗin nan ku sa CDI ku huta, wannan wahalar ta mece ce?

Oga Sule mai gareji: Yaro, babur ɗin mahaifinsa ne, yana so ya bar shi yadda ya same shi. Kuma in ciwon da nake zargi ne, CDI ɗin ma kiki zai mayar.

Alhaji Ɗanladi, Jos: Baban Walida, maganarka ɗaya ta tsaya mini: an cire maganeto, kwana uku lafiya, sannan ya rikice. Tayimin da aka saita ba daidai ba tun ranar farko yake nuna hali. Wanda ya lalace daga baya, wani abu ne ya goce.

Abin ya same ni da Vespa 150 ta. Na kwance sukurori ukun farantin na karkata nan, na karkata can, har na ƙure ramukan, ina neman digiri 22 kafin fistan ya kai sama, yadda littafi ya ce. Ashe ki ne ya yanke, ɗan ƙarfen nan mai kamar rabin wata da ke zama a bakin kirankshaf. A babur ɗinka abin ya fi ruɗarwa, don ƙullun da ke buɗe kwantak a jikin maganeto yake, alamar F ma a jikinsa take. In ki ya yanke, tare za su goce. Sai ka auna ka ga komai daidai, alhali fistan yana wani wuri. F ba za ta taɓa tona asirin kanta ba.

Ga gwaji, ba sai ka kwance komai ba. Cire fulogi, zura tsinken tsintsiya mai ƙwari ta ramin, juya a hankali har ka ji fistan ya kai ƙarshen sama. A nan alamar T ta jikin maganeto ce za ta tsaya kan tsaga. In ba ta nan, ka gano ɓarawonka.

Baba Tsoho, Kaduna: Alhaji ya yi gaskiya. Ni da BSA M20 na koyi aiki, irin na sojan Ingila, mai maganeto na Lucas. Can ko ki babu, giya ce kawai ke damƙe bakin sanda mai tsini. Ka saita bakwai bisa sha shida na inci kafin fistan ya kai sama, libar saita wuta a buɗe duka, ka zo ɗaure noti ta zame, ka sake daga farko. Maigidana sau huɗu ya sa na maimaita rana ɗaya. Abin da nake so ɗana Baban Walida ya ji, ba ki ne ke riƙe maganeto ba, shi wuri kawai yake nunawa. Tsinin sanda da ɗaurin noti ke riƙewa. In ka sa sabon ki a kan datti ko mai, zai sake yankewa.

Baban Walida, Zariya: Jama'a, na dawo. Na yi gwajin Alhaji, T ta wuce tsaga da kusan faɗin yatsa. Notin maganeto kuwa da ɗan taɓi ya kwance, ashe yaron bai ɗaure ba. Na ari fula, abin zare maganeto (zarenta na hagu ne, na sha fama kafin in gane), ki ya fito gida biyu. Na goge tsinin da man goge bawul kamar yadda Oga Sule ya gaya mini a waya, na wanke da fetur, na sa sabon ki, na ɗaure tamau. Takardar sigari ta zame kan F, gibi 0.35. Bugu biyu ya tashi. Malam Habu, na sayi kwandansa na ajiye a akwatin gefe. Ƙafar ce dai har yanzu ba ta yarda da kiki ba, ƙanena ke buga mini.